Ƙararrawar 'Yar Madugu

Ni ba mai rubutu ba ce. Aji huɗu na yi a firamare, sai ɗan abin da na samu a Islamiyya, saboda haka wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri ya wuce. A waya nake dannawa da yatsa ɗaya, jaririna yana barci a cinyata, iyakwandishan yana ta gurnani a bango kamar yadda yake yi tun ranar da muka sauka a ƙasar nan. Abin da ya sa na ɗauki wayar kuwa, wani guntun igiya ne.

Ranar Juma'ar da ta wuce Baban Hanifa ya aro motar abokin karatunsa, ya ce mu fita daga Ain Khaled, unguwar da muke zaune a wannan ƙasa ta Larabawa, mu sha iska. Wai akwai wani kufai can arewa a bakin teku, garin 'yan kasuwar lu'ulu'u na da, ya kamata yara su gani. Ni dai ban so ba. Ina tsoron ranar ƙasar nan, ina tsoron titunansu da ba ka ganin mai tafiya a ƙasa, ina tsoron yarinya ta taɓa abin da ba a taɓawa a rubuta sunanmu. Amma na cika gorunan ruwa muka tafi. Gari ne da ya mutu tuntuni, sauran gindin katanga da ɗakunan da babu rufi, amma an share shi, an kewaye shi, akwai mai gadi. A wani ɗaki mai sanyi an jera abubuwan da aka tono a cikin akwatunan gilashi, fasassun tukwane, ma'auni, dutsen da masu nutso suke riƙewa su sauka ƙasan ruwa. Can ƙarshe sai ga guntun igiya, baƙi ƙirin, bai kai kamu ɗaya ba, duk ya zazzare, an kwantar da shi a kan farin ƙyalle an haska masa fitila shi kaɗai.

"Maman Hanifa, kin ga mutanen nan ko," in ji Baban Hanifa yana dariya. "Igiyar da ko akuya ba za a ɗaure da ita ba a garinmu, ga ta an ba ta ɗaki da sanyi. Ta fi mu jin daɗi."

"Me ya sa ba su wanke ta ba?" Ban san lokacin da tambayar ta fito daga bakina ba.

"Wankewa kuma? Ai da an kama mutum. Dauɗar nan ita suke so."

Hanifa, babbar 'yarmu mai shekara biyar, ta ja mini hijabi ta ce, "Yalla Mama, khalas," wato mu tafi ya isa, don ita ta gaji da kallon tukwane. Na bi su zuwa mota, hankalina yana kan igiyar. Har muka iso gida Baban Hanifa yana tambayata ko rana ce ta buge ni.

Ba rana ba ce. A cikin makon nan ne kuma Yayana ya aiko mini saƙon murya daga gida. Ya gama ba ni labarin wanda ya haihu da wanda ba shi da lafiya, sai a ƙarshe ya ce, kamar abin da ba komai ba, ai ƙauyukan bayan dutse duk an tashi, babu mai bin hanyar nan yanzu sai masu bindiga, ciyawa ta rufe burtalin har ba a gane shi. Sau uku na saurari saƙon. Hanyoyin nan na san su kamar yunwar cikina. Na san inda yashi yake kama taya, na san rafin da ake sauka a tura babur, na san gindin kanyar da muke tsayawa Baba ya yi faci ni kuma in tsinci 'ya'ya. Yanzu an ce babu su. Mutanen nan sun yi wa garin da ya mutu shinge da mai gadi, mu kuwa garuruwanmu da ransu aka bar su.

Babana dillalin tsofaffin kaya ne. A gabansa ana ce masa Mai Tsohon Kaya, a bayan idonsa wasu suna ce masa mai kwasar shara. Da rani, idan an gama kai amfanin gona gida, sai ya ɗaure bokitan roba da kuloli da bahuna a bayan babur har su fi kansa tsawo, ya ɗora ni a kan tanki a gabansa, mu shiga daji. Dole ne ya tafi da ni. Namiji ba ya wuce zaure, kayan da yake nema kuwa duk suna can ƙuryar ɗakunan tsofaffin mata, a ƙarƙashin gado, a bayan randa, ko a rataye a jikin rufi hayaƙi ya rine su. Shi ya zauna a zaure da maigida ana ta maganar damina da tsadar taki, ni in yi sallama in shige da bokiti a ka. In fito da akushi, ko tandu, ko likkafar tagulla, ko wagar da aka taɓa zuba goro a ciki, tsohuwa kuma ta samu roba ja mai murfi tana ta sa mana albarka.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "in kin shiga kada ki kalli abin da kike so. Ki kalli kaza, ki yabi jariri, ki sha ruwan da aka ba ki ko da ƙasa a ciki. Abin da kike so, da gefen ido za ki gan shi." Idan kuma tsohuwa ta yi taurin kai, akwai magana ta ƙarshe da ya koya mini, in ce gidan tarihi za a kai, akwai masu rubutawa, za a sa sunan mai shi a jiki. Ni ban taɓa ganin gidan tarihi ba, shi ma ina jin bai taɓa ba. Wani Alhaji ne a birni yake karɓa, ya sayar wa Turawa da masu manyan otal. Kaya kuwa da zarar sun shiga buhu Baba ba ya barin kowa ya taɓa, balle ya wanke, bai kuma taɓa gaya mini dalili ba. Ni a zatona ƙyuyar wanki ce irin ta maza.

Yankinmu hanyar fatake ce tun kafin a san mota. Wannan a kan babur na koye shi, Baba yana magana a saman kaina iska tana kwashe rabi. Sai mu zo tsakiyar daji inda babu gida ko ɗaya, ka ga kukoki da tsamiyoyi sun jeru kamar an shuka su, ga ramukan rijiyoyi da suka rufta, ga tudun toka da ciyawa ba ta fita a kai, sai ya rage gudu ya nuna da haɓa ya ce, "Nan zango ne. Jakai sun kwana a nan fiye da mutanen garinmu." Su tafi da kanwa da gishiri da baƙin tufa, su yi watanni, su dawo daga Gwanja da goro a naɗe cikin ganye ana yayyafa masa ruwa kamar jinjiri. Ni a lokacin ba labarin ne ya dame ni ba, zafin tanki ne a cinyata da ƙishirwa. Amma kunnena yana ɗauka. A can, kafin ka ga gari kana jin sa. Ka ji lugude a turmi, ka ji guga tana bugun bakin rijiya, ka ji wata tana ƙwala wa ɗanta kira daga wannan unguwa zuwa waccan, ka san ko lafiya ake ko an yi rasuwa tun ba ka sauka ba. Nan kuwa shekara uku ke nan ina zaune a gidan da aka raba huɗu da katako, ban san sunan matar da ke bayan bangon ɗakina ba. Tarin mijinta kawai na sani, da lokacin da injin wankinta yake tashi. Idan na leƙa taga da rana babu ko kaza, sai motoci a rufe da farin bango, da babur mai kawo abinci ya ajiye a ƙofa ya juya ba a ko gaisa ba.

Ina da shekara goma sha ɗaya, ko kusa da haka, muka je wani ƙauye da ake ce wa Tsohon Zango. Gidajensa ba su da yawa, rijiyoyin da suka mutu a kewayensa sun fi su. A gidan ƙarshe na tarar da wata matashiya tana surfe, ta dubi bokitin kaina, ta nuna mini wani ɗaki da baki ta ce, "In tsohon tarkace kike nema, ga uwarsa can." Tsohuwa ce 'yar ƙarama, yanar ido ta rufe mata idanu duka biyu, tana zaune a bakin ƙofa tana ɓarar gyaɗa a faifai. 'Yar Madugu ake ce mata, ko da yake jika ce, kakanta ne ya yi shugabancin ayari.

"Wace ce mai warin fetur?" ta ce tun ban gama sallama ba.

"Ni ce, Iya. Bokiti na kawo, sabo, mai murfi."

"Na ji labarinku. Ku ne masu ba da roba ku karɓi ƙarfe. Matso nan ƙawata in shafa ki, in ji ko kina da kunya." Ta shafa fuskata da hannu mai ƙanshin gyaɗa. "Babu ko ɗigo. Zauna."

Na zauna, na yabi kazarta, na sha ruwan da matar jikanta, mai surfen nan, ta kawo. Da gefen ido kuwa na riga na hango ta a rataye a jikin turke daga cikin ƙofa. Ƙararrawa ce, girman ɗanyen mangwaro, ta yi baƙi da kore-kore, an naɗe ta da doguwar igiyar ƙiri ta fata zagaye a kan zagaye.

"Kin yi shiru," in ji tsohuwar. "Ƙararrawar kike kallo."

"A'a, Iya."

"Makauniya ce ni, ba sakarya ba. Sauko da ita."

Ta ce ta jakin gaba ce, wanda duk ayari yake bin ƙararsa. Ta kaɗa ta sau ɗaya, muryar ƙararrawar a dishe, ta ajiye a cinya. "Wannan ba komai ba ce, maƙeri ne ya zuba ta, gobe ma in an ba shi tagulla zai zuba wata. Miƙo hannunki." Ta warware igiyar, ta ɗora yatsuna a kai. Igiyar ta bushe ta yi tauri, tana da maiƙo, tana warin jaki da hayaƙi, kuma tun daga sama har ƙasa ƙulli ne a bayan ƙulli, ba iri ɗaya ba. Wani siriri, wani mai kauri, wani an soka masa ɗan wuri, wani an naɗa masa zare. "Kowane ƙulli kwana ɗaya ne," ta ce, "zango ɗaya. Daga ƙofar gidan nan har Salga, kasuwar goro ta Gwanja."

Sai ta fara. Babban yatsanta yana isa kan ƙulli, ya tsaya, ya murza, sannan bakinta ya buɗe. "Wannan Rijiyar Kura, ruwanta da daɗi amma a kwana da wuta. Wannan mai kauri Tsamiya Uku, nan ake jiran na baya. Wannan Mashayar Jakai. Wannan mai wuri Dutsen Maiƙaho, a ba mai gari kanwa tun bai tambaya ba. Wannan Fadamar Sauro, ba a kwana sai dole." Haka ta yi ta tafiya, matar jikanta ta daina surfe ta sake kamawa, ita ba ta tsaya ba. Ta kai mu Yawuri, ta haye da mu kogin Kwara ana ɗaure wa jakai ido, ta bi da mu Nikki, ta shiga ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba, inda ta ce ruwan sama ba ya gajiya. Inda ƙulli biyu suka haɗu wuri ɗaya sai ta dakata, ta ambaci sunan mutum, ta ce Allah ya jiƙansa. "Inda kika ji biyu, namu yana kwance a wurin," ta ce. "Babu mai kai masa ziyara, sai ni daga nan." Na ƙirga irin waɗannan har shida kafin ta kai ƙarshen igiyar ta ce, "Salga. A sauke kaya."

"Iya, duk kin haddace?"

"Ina fa. Bakina bai san komai ba, ƙawata, yatsana ne ya sani. Kakana ya ɗora ni a cinya ya koya wa yatsan. In babu igiyar a hannuna, ko rabin hanya ba na kaiwa. Na ce 'ya'yana su koya, suka ce wa zai je Gwanja da jaki ga mota. Jikoki kuwa da sun ji na fara sai su tuna ana kiransu."

Na tura mata bokitin, ta ture da ƙafa. Na ce akwai kula mai hawa uku a waje, ta yi dariya ta ce me za ta zuba a hawa ukun. Sai na jawo maganar ƙarshe, wadda Baba ya koya mini.

"Iya, ai babana gidan tarihi yake kaiwa. Akwai masu rubutawa a can."

Hannunta ya tsaya a kan faifai. Ta juyo da fuskarta wajena.

"Da gaske akwai masu rubutawa?"

"Akwai, Iya."

"Har sunan waɗanda suka kwanta a hanya?"

"Har su."

Ta naɗe igiyar a hankali, zagaye a kan zagaye, ta danƙa mini a hannu biyu. "Ban sayar ba, ki ji da kyau, ɗauki bokitinki. Aro na ba ki. Ki kai musu su gani da idonsu, su san ba surutun tsufa ba ne. In sun gani su zo da takarda, ni in riƙe igiya, su su riƙe alƙalami. Kasuwa biyu na ba ku."

Da na fito na nuna wa Baba a bayan gari, sai da ya kashe babur. Ya juya ta, ya kaɗa, ya shinshina igiyar, ya ce duk ranin nan bai samu kamar wannan ba. Na ce masa aro ce fa. Ya ce, "Aro? Za mu aika mata da kular nan mai hawa uku, ta manta." Ya sa a aljihun gaba maimakon buhu, da muka isa gida ya ajiye a kan taga.

Ni kuwa tarbiyyar Inna ce. Mahaifiyata takan duba gindin tukunya kafin ta duba fuskata. A gidanmu yarinyar da ta bar baƙi a jikin kwano ba ta cin abinci da daɗin rai, kuma duk safiya aikina ke nan, toka da yashi da jiƙaƙƙiyar tsamiya, in durƙusa a bakin magudana in yi ta dirza har in ga haƙorana a jikin murfi. Washegari Baba ya fita da wuri neman bututun taya. Na gama kwanuka, na ɗaga kai na ga ƙararrawar a kan taga, baƙa, abin kunya, kuma gobe za a kai ta gaban Alhaji a birni. Na ce bari in faranta wa Baba. Na jiƙa ta a ruwan tsamiya, na bi ta da toka, na bi ta da yashi, na sa tsinke na ƙwaƙule duk wani lungu. Koren ya fita, baƙin ya fita, ta fito ja tana ƙyalli kamar ranar da aka zuba ta. Igiyar ce ta ƙi. Na sa sabulu, na sa soso, maiƙon yana nan, warin yana nan, ta ɓata mini kyan aikina. Ba zan ce ban ji abin da tsohuwar ta faɗa ba. Na ji. Amma a kaina na yarinya, sunaye suna bakinta, igiya kuwa ƙazanta ce, Alhaji ƙarfe yake saye, Baba kuma ya riga ya ce ba za a mayar ba. Na ɗauko wuƙar yankan kuɓewa na datse ta daga wuya, na cusa a murhu a ƙarƙashin tukunyar kunu, na yanko shuɗiyar igiyar leda daga ta guga na ɗaura.

"Me kika sa a wuta haka mai ƙauri?" in ji Inna daga ɗaki.

"Tsohuwar igiya ce."

Ta fito tana toshe hanci, ta ga ƙararrawar a hannuna, fuskarta ta saki. "Ah to. Yanzu ta zama abin kallo. Da kullum haka kike aiki da ban sha magana ba."

Baba ya dawo na tare shi tun a zaure, na miƙa masa da hannu biyu. Ya daɗe yana kallo. Ya nemi turmi ya zauna a kai.

"Uwata, me na yi miki?"

"Wankewa na yi, Baba."

"Na gani. Ina igiyar?"

Na nuna murhu. Bai dake ni ba, da ma ya dake ni. Washegari dai ya tafi da ita birni ko Allah zai sa, ya dawo da yamma da ita a aljihu. Alhaji ya ce irin wannan a tire ake zuba su a bakin kasuwa, wa zai yarda ta ga Gwanja, ya kai ya rataya wa akuya. Baba ya ajiye ta a gabana ya ce tunda ba ta da amfani a mayar wa mai ita, kada a ce mun ci amana. Har yau wannan maganar tana yi mini ɗaci a baki. Amanarmu ba ta tashi ba sai da ciniki ya ƙi. "Ke kika karɓo," ya ce, "ke za ki miƙa."

A cikin zangunan da tsohuwar ta jero, biyar ɗin farko kawai na riƙe, su ne na rubuta a sama. Na taɓa sa Baban Hanifa ya duba mini a taswirar waya, ya samo Yawuri da Nikki da Salga, ya ce waɗannan suna cikin littattafai, amma ƙananan babu wanda ya san su, wataƙila ma ayarin gidansu ne kawai suke kiransu haka. Sunayen mutum shidan nan kuwa ko ɗaya ban riƙe ba. Hanifa tana iya jero tashoshin jirgin ƙasa tun daga Al Rayyan har inda muke sauka, ɗaya bayan ɗaya, da irin muryar matar da ke sanarwa, amma in na ce ta faɗi sunan garin kakanta sai ta dubi babanta. In na yi mata Hausa ta amsa da Turanci. Kwanaki Inna ta aiko mini da tsohon zanen da ta goya mu da shi don in goya jariri, yana ƙanshin ɗakinta, hayaƙi da man kaɗanya. Ina kicin Hanifa ta ce yana wari, ta cusa shi a injin wanki ta danna, don ta taimake ni. Na fito na tarar yana juyawa a cikin kumfa. Na buɗe baki zan yi faɗa, na rasa ta inda zan fara. Karatun babanta zai ƙare, takardar zamanmu za ta ƙare, ban san wane gida zan nuna mata in ce nan ne ba, kuma ban san abin da za ta riƙe daga wurina ba in na kwanta.

Ranar kasuwa ta biyu muka koma Tsohon Zango. Baba bai ko shiga zaure ba, ya tsaya a gindin bishiya da babur. Na same ta a inda na bar ta, sai dai ta sa wankakken zane, an share gaban ɗakin, an shimfiɗa tabarma biyu.

"Mai warin fetur," ta ce. "Ke kaɗai? Ina baƙin?"

"Ba su samu zuwa yau ba, Iya."

Na sa mata ƙararrawar a hannu. Ta shafa jikinta, ta ce, "Ta yi santsi." Yatsanta ya gangara wuya, ya kama igiyar leda, ya bi ta har ƙarshe. Ya dawo ya sake bi. Matar jikanta tana tsaye a bayana da taɓarya, ita tana ganin shuɗin da ƙyallin.

"Ƙawata, ina igiyar?"

Duk hanya ina shirya yadda zan faɗa. Na dubi tabarmin nan biyu.

"Masu tarihin ne suka riƙe, Iya. Sun ce ita ce abin. Suna dubawa, in za su zo za su taho da ita, da takarda."

Fuskarta ta washe gaba ɗaya, har na ga dasashinta. "Kin ji masu ilimi ko," ta ce wa matar jikanta. "Kallo ɗaya suka gane. Ku kuna nan kuna ce mini tarkace." Ta kama igiyar ledar ta ce bari ta gwada kafin su zo, kada a ji kunya a gaban baƙi. "Rijiyar Kura. Tsamiya Uku. Mashayar Jakai. Dutsen Maiƙaho. Fadamar Sauro." Yatsanta ya yi gaba yana nema, babu abin da zai tsaya a kai. "Fadamar Sauro," ta sake cewa. "Daga nan sai... Ke da kika ji ranar nan, daga nan sai ina?"

"Yawuri?"

"Yawuri da sauran tafiya. Akwai kwana huɗu a tsakani, kuma akwai namu a ciki." Ta murza ledar, ta sake murzawa, leɓenta yana motsi. Can ta saki. "Ba komai. In sun kawo ta yatsana zai tuna. Ki dai ce musu su hanzarta, ni ba yarinya ba ce."

Baba ya danna oda daga waje. Ba mu sake bin hanyar Tsohon Zango ba, ni da shi, har ya bar sana'ar. Amma ranar, kafin in miƙe, ta lalubo gefen mayafina ta ƙulla mini gyaɗa a ciki, ta ɗora hannunta a kaina.

"Na ce ba ki da kunya, ashe kina da amana. Allah ya ba ki 'ya'ya masu riƙe miki abinki kamar yadda kika riƙe mini nawa."

Na ce amin.